Saƙa kwando da gashin kwakwa a gida: ta ina mai zama a Jos za ta fara?

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo ta aiko da tambaya kamar haka: "Assalamu alaikum. Ina ganin bidiyoyi a waya ana saƙa kwanduna da gashin kwakwa, sun ba ni sha'awa ƙwarai. Ina so in koya in riƙa yi a gida, in Allah ya sa albarka har in sayar. Na iya ɗinkin faifai tun ina yarinya. A ina zan samu kayan a nan Jos, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Za a iya, kuma tunda hannunki ya san faifai, rabin karatun kin riga kin yi shi. Ɗaya rabin ne mai wuya, shi ne kuma masu bidiyo ba sa nunawa. Gashin kwakwa ba ya saƙuwa haka nan yadda yake, sai an tufke shi ya zama igiya. Igiya kuma sai da ɓawo, ɓawon nan kuwa ba ya zuwa Jos da ƙafarsa.

Da farko ki rarrabe abin da kike kallo, don sana'a uku ake haɗawa a kira su saƙar kwakwa. Akwai ta ɗanyen ganye, a yanko reshe a sarƙa ganyayensa tun suna kore, cikin 'yan mintoci kwando ya tashi. Wannan ta mai bishiya a bayan gida ce, ki cire ta daga lissafi. Akwai ta tsinken da ake zarewa daga tsakiyar ganye, irin na tsintsiya. Sai wadda kike nufi, ta zaren da ke cikin ɓawon waje.

Kwakwar da kike gani a baro a Terminus ko Farin Gada, mai ƙoƙo da ɗan tukku a ka, an riga an ɓare ta tun daga inda ta fito. A kan bishiya tana lulluɓe da ɓawo mai kauri, wani ya kai kaurin yatsu uku a haɗe, kuma a cikinsa zaren yake. Dillali ba zai biya kuɗin mota ya ɗauko abin da ya ninka girman kaya ba tare da ya ƙara masa ko sisi ba, saboda haka a can Badagry da Akwa Ibom, ko a Ghana da Kwaddibuwa inda ake shigo da wata daga can, ake cire ɓawon a tara shi tsibi, wani a ƙona, wani ya ruɓe. Ɗan tukkun da ke saura a kan ƙoƙo gajere ne, ba zai yi miki igiya ba. Ki bar wa mai wanke tukunya. Kada kuma wani ya ce ki shuka taki. Kwakwa bishiyar bakin teku ce, tana son zafi da laima duk shekara, mu kuwa muna zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyin Disamba da Janairu da kin sani. Ko ta tsiro, ba za ta ba ki abin da kike nema ba.

To ina mafita? Hanya mafi sauƙi ita ce ki sayi igiyar da aka riga aka tufka. Indiya da Siri Lanka su ne ke fitar da mafi yawan zaren kwakwar da duniya ke amfani da shi, kuma daga can ake shigo da igiyar a dunƙule. Ki tambaya a shagunan da ke sayar wa masu noman rumfar leda kayan aiki, da wurin masu sayar da furanni, da 'yan kasuwar intanet na Legas. Ki kula kada a haɗa ki da wata igiyar a ce ita ce. Ta kwakwa ja ce mai duhu, tana da kaushi, in kin ja ta tana ɗan miƙewa ta koma, in kin jefa guntunta a ruwa yana tasowa sama. Wadda ta yi laushi tana ƙyalli tana warin mai, ta buhun gargajiya ce. Wadda ta yi fari-fari tana da tauri, wata ce daban.

Hanya ta biyu ita ce ɓawon kansa. Motocin da ke ɗaukar dankalin Turawa da kabeji da tumatir daga nan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas suna dawowa, kuma ba kullum suke dawowa cike ba. In maigida ko wani ɗan'uwa yana da sanayya da direba ko ɗan kamasho a Farin Gada, buhu biyu ko uku na busasshen ɓawo ba wani nauyi ba ne. Abin da za ki biya ladan ɗauko ne da na wanda ya tattara. Ki ce a samo miki na kwakwar da ta nuna sosai, wanda ya yi ruwan ƙasa ya bushe amma bai kwana a ƙasa har ya fara zama taki ba. Ɓawon ɗanyar kwakwar da ake fasawa don shan ruwa kada ki karɓa ko kyauta ne. Ana tsinke ta tana da wata shida ko bakwai, alhali kwakwa sai ta yi kusan shekara take cika, don haka zarenta bai ƙosa ba, da kin ja sai ya tsinke.

Shawarata, kada ki fara da ɓawo. Ki sayi igiya ƙulli ɗaya, ko ma ki ɗauki igiyar rama ta kasuwa, ki yi kwando biyu ko uku, ki ga ko hannunki da ranki sun karɓi aikin, ki ga kuma ko akwai mai saye. In abin ya zauna, sannan ki shiga wahalar jiƙo da bugu. Amma tunda kin tambaya daga tushe, ga yadda ake yi.

Ɓawon kwakwa kashi biyu ne a cakuɗe: zare, da wani gari mai taushi da ke riƙe da zaren. Zaren bai fi kashi ɗaya cikin uku na nauyin ɓawon ba, sauran duk garin ne. Aikinki duka shi ne raba su. A Kerala da ke kudancin Indiya, inda aka kafa masana'antar wannan zare ta farko a ƙasar a garin Alappuzha a 1859, masu son farin zare mai laushi suna nutsar da ɗanyen ɓawo a ruwan gulbi har wata goma, ƙwayoyin halitta su cinye abin da ya manne zaren. Matan Zanzibar su ma binne shi suke yi a yashin bakin teku su danne da duwatsu, su dawo bayan watanni. Tsohuwar sana'a ce ƙwarai. Matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran Maldib wajen 1343, ya ba da labarin yadda ake jiƙa ɓawon a ramuka a bakin teku, a buge shi, mata su murza igiyar da ake ɗinke jiragen ruwan Indiya da Yaman da ita a maimakon ƙusa. Ke ba jirgi za ki ɗinka ba, kuma ba ki da gulbi, saboda haka ba kya bukatar wata goma.

Ki tsattsaga ɓawon gida huɗu ko biyar. Ki ɗora kowane yanki a kan gungume ki ɗan daddoke shi da taɓarya ko kulki tun yana bushe, don ya buɗe ruwa ya samu hanyar shiga. Ki zuba a duro, ki cika da ruwa, ki danne da dutse, domin in ba haka ba zai taso ya yi ta yawo a sama rabinsa a bushe. Ki rufe duron da kyau saboda sauro. Cikin kwana biyu ruwan zai rine ya yi ja, daga baya ya fara tsami. Ki riƙa zubarwa kina sake sabo duk bayan 'yan kwanaki, nesa da ƙofar maƙwabta. Mako biyu zuwa huɗu yakan isa ga busasshen ɓawo, amma yanayi ne ke yanke hukunci. A watan Maris da Afrilu, in duron baƙi ne kuma yana rana, abin na sauri. A cikin hunturu kuwa ruwan Jos sanyi gare shi, jiƙon ba ya ci, sai ki ga wata ya wuce ɓawo na nan da taurinsa. Alamar ya yi ita ce ki kama fatar bayan ki ja ta salube ba gardama, ki murza yankin a hannu garin ya riƙa zuba. Mai gaggawa na iya tafasa shi da toka ko ɗan guntun kanwa na awa ɗaya ko biyu, yana sassauta shi. Kanwar dai kada ta yi yawa, tana cin ƙarfin zare, kuma kada ki yi a tukunyar girki.

Daga nan sai bugu, wanda shi ne aikin ƙarfi. Ki tsamo, ki bari ya tsane, ki riƙe gefe ɗaya ki yi ta bugun ɗayan a kan gungume kina juyawa kina kakkaɓewa, sannan ki juya ki bugi inda kika riƙe. A turmi kada ki daka, karya zaren zai yi. Ki ɗauraye, ki shanya a inuwa mai iska. In ya sha iska, ki samu katako a kafa masa ƙusoshi a jere kaifinsu a sama, ki riƙa jan zaren dantse-dantse ta cikinsu. Abin da ya rage a hannunki shi ne dogon, mai tsawon taƙi ɗaya ko fiye, wato santimita 15 zuwa 30. Shi ne na igiya. Gajeren da ya maƙale a ƙusa ki tara shi daban, zai yi miki shimfiɗar cikin kwandon fure. Garin ma kada ki zubar. Shi ne abin da masu rainon iri da masu noman tattasai a rumfar leda ke saye da tsada a dunƙule, suna kiransa kokofit. Ki wanke shi sau biyu ko uku, don na bakin teku yakan zo da gishiri, ki shanya ki zuba a buhu. Wata ran shi zai mayar miki da kuɗin motar. Ki ɗaura ƙyalle a hanci lokacin sharce zaren, ƙurarsa na sa tari, mai asma kuma ya nisanci wurin.

Yanzu tufka, kuma a nan nake so ki fi natsuwa, domin kyan kwando daga igiyarsa yake. Ki yayyafa wa zaren ruwa ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma na ɗan lokaci. Busasshen zare, musamman in iskar hunturu na kaɗawa, ba ya kwanciya, tsalle yake yana karyewa. Ki ɗebi 'yan silla, ki jera su ba kai ɗaya ba, wani ya ɗara wani, ki murza su a tafin hannu su zama ɗan lagwani mai sirara a baki biyu. Ki tara irin waɗannan da yawa a faranti kafin ki zauna tufka. Sai ki ɗauki biyu ki ƙulle kansu, ki maƙale a babban yatsan ƙafa ko a ƙusa. Ƙa'idar guda ɗaya ce: kowane sili ki murɗa shi ta dama, su biyun kuma ki naɗe su da juna ta hagu. Murɗin da ya saɓa wa naɗin shi ke sa igiya ta kulle kanta. In duka suka bi hanya ɗaya, da kin saki sai ta warware, kin yi tufka da warwara ke nan a zahiri. In sili ya kusa ƙarewa, ki ɗora bakin sabon lagwani a kan bakin tsohon ki murɗa su tare. Kada ƙarin silin dama da na hagu su faɗo wuri ɗaya. Ki bar aƙalla faɗin tafin hannu tsakaninsu, in ba haka ba nan igiyar za ta yi kumburi, nan kuma za ta tsinke.

Zaren kwakwa ba rama ba ne, yana cin fata. Abin da ke ba shi taurin nan wani sinadarin itace ne da ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na jikinsa, wanda auduga kusan ba ta da shi. Shi ya sa ba ya ruɓewa da wuri a ruwa, shi ya sa kuma yake kankare hannu. In a cinya za ki murza, ki ɗaura tsohuwar fata ko yankin tsohon wandon jins. Ki shafa man kaɗanya kafin ki fara da bayan kin gama. In kuma kin ga aikin ya fi ƙarfin lokacinki, akwai dattawan da ke tufkar igiyar dabbobi a wajen kara ta Bukuru da sauran kasuwannin shanu. Hannunsu ya riga ya saba da wannan aiki. Ki aika musu da zaren da kika sharce da samfurin kaurin da kike so, ki biya lada. Ni a ganina wannan ya fi, domin basirarki a ɗinki take, kuma awa uku da za ki ɓata kina tufka ta ishe ki tayar da rabin kwando.

Nawa ake bukata? Ki yi lissafi kafin ki fara. Kwando mai faɗin gindi santimita 20 da tsayi santimita 15, in kaurin igiyar santimita 1 ne, gindin zai ci mita 3 da ɗan ɗori, bangon kuma zagaye 15 ne kowanne kusan santimita 65, wato wajen mita 10. Jimla mita 13 zuwa 14, ki ce gaba takwas ko tara. In igiyar ta sirance zuwa rabin haka, tsawon da za ki bukata zai ninka, ɗinkin ma ya ninka. Ɓawo ɗaya bai cika ba da abin da ya wuce giram 100 na zare ba, dogon ciki kuma bai kai haka ba, don haka ki sa ran ɓawo kusan goma kafin wannan ɗan kwandon ya tsaya. Kin ga dalilin da ya sa na ce ki fara da sayayyar igiya.

Ɗinkin kuwa naki ne. Yadda kike naɗa ciyawa a cikin faifai kina bi da kaba, haka za ki yi, igiyar ce ta maye gurbin ciyawar. Bambancin shi ne a faifai kina rufe cikin duka da kaba, a nan kuwa igiyar ake so a gani, don haka ɗinkin zai riƙa yin tazara. Ki aske bakin igiyar ya sirance, ki naɗe shi da zare tsawon gaɓar yatsa biyu, ki lanƙwasa ya zama ɗan zobe, ki ɗinke. Daga nan kina zagayawa, kowane ɗinki ya rungumo sabon layi ya huda cikin na ƙasansa. Ki lura, hudawa na ce, basilla ta ratsa tsakanin silin biyu na layin ƙasa. In kika tsaya kina zagaye layukan kawai ba hudawa, igiyar kwakwa na da santsin miƙewa, layi zai riƙa zamewa a kan layi, kwandon ya yi ta rangaji. Tazarar ɗinki kada ta wuce faɗin yatsa ɗaya a zagaye uku na farko, daga baya yatsa ɗaya da rabi. Da gindin ke faɗaɗa, ɗinkunan za su riƙa nisantar juna. Duk inda tazara ta kai yatsa biyu, ki cusa sabon ɗinki a tsakani. Ki riƙa ɗora gindin a ƙasa kina dannawa da tafin hannu. In ya fara tasowa yana kwarmi, kina jan igiyar da yawa ne, ki sassauta. In gefensa ya fara lanƙwashe-lanƙwashe, kin sake ta da yawa ne.

In gindi ya kai yadda kike so, ki daina ajiye igiyar a gefen layin baya, ki ɗora ta a kansa. Nan bango ya fara. In kin ɗora ta daidai bisa, bangon zai miƙe; in kin ɗan karkato da ita waje, bakin zai buɗe. Mai koyo ta sa bokiti ko tukunya a ciki ta riƙa bi, ba abin kunya ba ne, masu yi don kasuwa ma suna yi don kwandunansu su fito kai ɗaya. A bango ne ake ɗan jan igiyar fiye da gindi, domin ita ke ba shi tsayuwa. In igiya ta ƙare, ki aske bakin tsohuwar da na sabuwar a karkace, ki haɗa su su koma kaurin guda, ki yi ɗinki huɗu ko biyar a matse a kan mahaɗar, ki juya ta ta fuskanci ciki. Hannun ɗauka kada ki ɗinka shi daga baya, cirewa zai yi. Ana saura zagaye biyu ki gama, ki ɗaga igiyar ki bar ta ba ɗinki tsawon tafin hannu, ki mayar ki ci gaba. A zagaye na gaba ki bi ta kansa ki naɗe su biyun tare. Ƙarshen kuma ki aske shi dogon askewa ya kwanta a hankali, don kada bakin ya yi tudu. Sai ki bi da almakashi ki rage gashin da ya miƙe. Wasu na wucewa da harshen kyandir da sauri su babbake shi. Yana yin kyau, amma a tsakar gida, da bokitin ruwa kusa.

Zaren ɗinkin ya danganta da aikin da kwandon zai yi, kuma a nan mutane da yawa ke asara. Kwandon da zai zauna a falo ko kicin, ki ɗinka da jiƙaƙƙiyar kaba, ko rinanniya, kyanta a kan jan igiyar ba a magana. Wanda za a sa wa fure ana ba shi ruwa kullum, kaba da zaren auduga za su ruɓe su bar igiyar lafiya lau, kwandon ya wargaje a hannun mai shi. Wannan sai zaren roba irin na masu gyaran takalma, ko na ɗinkin buhu. Su kuma masu manna layukan da narkakken gam na bindiga, kamar yadda ake yawan nunawa a waya, abin hoto ne kawai. Gam ɗin gashin saman yake kamawa, rana ɗaya mai zafi ko ɗauka ɗaya da nauyi ta isa ta raba su.

Akwai kuma saƙa ta sosai, wadda ake kafa haƙarƙari a riƙa ratsa igiya ciki da waje. Igiyar kwakwa ba ta tsayuwa da kanta, don haka haƙarƙarin sai na tsagaggiyar gora ko gwangwala, ko ki sa mai walda ya lanƙwasa miki firam na waya, ki shafe shi da fenti kafin ki fara saboda tsatsa. In da igiya ɗaya kike ratsawa, yawan haƙarƙarin ya zama mara, kamar 15 ko 17, don inda kika bi ta gaba a wannan zagaye ki bi ta baya a na gaba. Ta fi ɗinki sauri nesa ba kusa ba, kuma ita ta fi dacewa da kwandon fure na ratayewa.

Batun launi gajere ne. Jan zare ba ya karɓar galura mai haske, shuɗi ko rawaya duk dishi-dishi suke fitowa. A masana'anta sai an fara kashe launinsa da sinadari, a gida kuwa in kika jiƙa shi a ruwan bilic za ki raunana shi. Baƙi kuwa yana kama shi da kyau: ki jiƙa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a ruwa da ɗan tsami na mako ɗaya, ki dafa igiyar da dakakkiyar bagaruwa, sannan ki tsoma ta a ruwan ƙarfen, nan take za ta yi duhu. Sauran launuka ki bar wa kaba ta ɗauka.

Saura abin da za ki yi da shi, wanda shi zai nuna ko sana'ar za ta ci da ke. Kada ki shiga gasa da kwandon tumatir. Waɗancan daga kudu maso gabas ake lodo su mota-mota, na reshen kwakwar manja ne, an yi su don a yi tafiya ɗaya ko biyu a yar, farashinsu ba zai biya ko tufkarki ba. Kada kuma ki yi na zuba tufafi ko gyale sai kin yi masa shafi da atamfa a ciki, domin yana jan zaren yadi. Abinci ma kada ya taɓa shi kai tsaye, yana zubar da gashi. Inda ya fi kowa shi ne inda ruwa da laima ke kashe sauran. Rigar tukunyar fure, kwandon ratayewa, mazubin albasa da dankali da ke son iska, abin goge ƙafa na bakin ƙofa, mazaunin tulu ko randa. Jos garin furanni ne, masu lambun bakin titi a wajen Rayfield da sauran unguwanni suna sayar da shuka a baƙar leda ko robar fenti, mai saye kuma yana son abin da zai rufe wannan munin kafin ya ajiye a falo. Ki je ki auna robobin da suka fi sayarwa, ki yi kwandon da robar za ta shige da ɗan sarari, ki kai musu guda biyu su ajiye a gani. Ki tsaya a kan girma biyu ko uku da kowa ke nema. Mai otal ko mai shagon kayan ado a Abuja in ya ce yana son goma, goma masu kai ɗaya yake nufi.

Wajen sa kuɗi, ki rubuta abin da igiya da zare suka ci, ki duba agogo ki san awa nawa kwandon ya ɗauke ki, ki yanka wa awar ladan da ba za ki ji haushi ba, sannan ki ɗora riba. Mata da yawa kuɗin kaya kawai suke ƙirgawa, su manta da zaman da suka yi, bayan wata uku su ce sana'ar ba ta da albarka. In lissafin ya nuna babban kwando ya fi ƙarfin aljihun masu saye, ki koma ƙanana, ko ki yi gindi da rabin bango da igiyar rama mai araha, ki ƙarasa sama da ta kwakwa inda ido ke sauka. Ki dai gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki, musamman in na fure ne, don rama ba ta jure ruwa kamar ɗayar.

Ajiya kuma ki yi la'akari da garin da muke. A watan Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, kwandon da aka gama da ɗan danshi aka cusa a leda zai yi furfura cikin mako, musamman in ba a kakkaɓe garin nan sosai daga zaren ba. Ki bari ya bushe sarai, ki rataye ko ki jera a kan katako, ba a kan siminti ba. In ya riga ya yi, ki goge da burushi, ki shafa ruwan tsami na kanti, ki ba shi rana. Da sanyi kuma, lokacin da ake shigar da kaskon gawayi ɗaki, ki nisanta buhun zaren da kwandunan daga wuta. Busasshen gashin kwakwa in tartsatsi ya faɗa masa ba ya tashi da harshe nan take, ci yake yi a ɓoye ta ciki, sai an ga hayaƙi. Ki ajiye shi a ɗakin da ba a kwana, kuma ki hana yara wasa da ashana kusa da shi.